Rigar Hirudus

Idan Kirsimeti ya gabato, matasan ikilisiyoyin Garwa sukan shirya wasan kwaikwayo na haihuwar Yesu. Su ne za su yi magana, amma tela ne yake zaɓar abin da ido zai fara gani. Yadi kuwa ba wuya gare shi ba a garin auduga, inda kamfanin Sodecoton yake tun 1974.

To, wace riga zai ɗinka wa Hirudus? Hanya mafi sauƙi ita ce babbar riga da alkyabba da rawani, ga dogarai biye, kamar fitowar Lamido ranar Salla. Nan take kowa zai gane sarki ne. Amma a cikin 'yan kallo akwai yaro ɗan shekara bakwai, wanda zai ga mai rawani yana ba da umarni a karkashe jariran Baitalami. Kashegari zai haɗu da mai rawani a kasuwa, wataƙila ma uban abokinsa ne.

Tela zai ce sarauta kaɗai ya nuna, ba addini ba. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai yaron ba zai iya raba su ba. Hirudus sarkin Yahudiya ne a ƙarƙashin Roma, bai san rawanin Fulani ba. Fitowa 20:16 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, allura kuma tana iya yin ta kamar harshe.

In lalle rawanin ne kaɗai a hannu, sai a naɗa wa Yusufu da masanan taurari irinsa.