Rawani A Cikin Labari: Yaya Za Mu Gane Nagari Da Mugu A Littattafanmu Na Da?

  

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karon wani ɗan al'amari ne da ya faru a Islamiyyar da nake koyarwa. Ranar wata Asabar, bayan an tashi ajin matan aure, wata baiwar Allah ta tsaya jirana. Ta girme ni nesa ba kusa ba, 'yar autarta ce ma take sakandare. Sai ta buɗe jaka ta zaro wani ɗan siririn littafi da ya sha jiki, ta ce, "Malama, dubi abin da na ƙwace a hannun yarinyar nan. Wai a makaranta aka ce su karanta. Na ɗan leƙa, ba komai a ciki sai ƙarya da damfara da aljanu, ga shi an mai da malamai abin dariya. Ni dai na ce bari in tambaye ki kafin in cusa shi a murhu."

Ina dubawa sai na ga Ruwan Bagaja ne. Na ce, "Hajiya, ki ara mini shi mako guda, sai mu yi magana." Rabona da shi tun ina kwaleji, kuma ban so in ba ta amsa da ka. A makon nan na sake karanta shi, na haɗa da wasu 'yan uwansa, ina ta juya tambaya ɗaya a raina: littafin da ke ɗauke da mugu a cikinsa, shi ma mugun littafi ne?

Bari mu fara da asalinsa. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan ne aka sami littattafan da suka soma fitowa a 1934, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shi Abubakar Imam an haife shi a 1911, ya rasu a 1981, ɗan gidan malamai ne, kuma shi ne ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Kin ga ke nan wanda ya rubuta littafin ya san darajar allo da tawada tun yana yaro.

To, ina maganar mai da malamai abin dariya? Wurin da ya fi ɓata wa Hajiya rai shi ne inda jarumin labarin, Alhaji Imam, ya sauka a wani gari da ba su da ilimi, ya fake da malanta alhali bai san komai ba, yana ta cin sadakarsu. Ana nan sai ga Malam Zurƙe, wanda ya fi shi karatu, ya zo zai tona masa asiri. Aka tara jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya yi ta ambaton haruffan da suka yi kama da zanen, Alhaji yana cewa bai faɗa daidai ba. A ƙarshe Alhaji ya ce ai hoton jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga lallai ya yi kama da wata, suka yi wa mai karatun ature, suka riƙe maƙaryacin.

'Yar uwa, tsaya ki yi tunani. Wa aka yi wa dariya a nan? Ni a ganina mutanen garin ne, waɗanda rashin karatu ya sa ba su iya bambance malami da mai kayan malamai ba. Sun ga rawani da carbi da buzu, sai suka sallama. Marubucin yana nuna mana cewa alamar addini a jikin mutum ba ta isa shaida ba, kuma inda jahilci ya yi yawa mai wayon baki shi ke cin kasuwa. Don Allah mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu mata nawa ne aka karɓe wa 'yan kunne da kuɗin adashi a zauren wani mai rawani, da sunan za a mallake miji ko a kori kishiya? Yarinyar da ta karanta wannan wurin ta fahimce shi, da wuya wani ya zana mata wata a ƙasa ya ce ilimi ne.

Da a ce ambaton mugunta shi ke ɓata labari, da ba mu karanta ƙissar Annabi Yusufu (AS) ba. Ba ina haɗa maganar Allah da ƙagaggen labari ba ne, Allah Ya tsare, amma daga Alƙur'ani muke koyon yadda ake sauraron ƙissa. Suratu Yusuf, sura ta 12, mai ayoyi 111, ta kawo hassadar 'yan uwa, da jefa yaro a rijiya, da ƙaryar kerkeci, da makircin matar Azizu, da ɗaurin wanda bai ji ba bai gani ba. Ba a ɓoye ko ɗaya ba. Ki kuma lura da riga a cikin surar, sau uku ta fito. Da farko an shafa mata jinin ƙarya aka kawo wa uba. Na biyu an yage ta ta baya, sai ta zama shaidar da ta wanke shi. Na uku an jefa ta a fuskar Annabi Yaƙubu (AS) idonsa ya buɗe. Riga dai riga ce, amma a hannun maƙaryata ta zama kayan yaudara, a hannun masu gaskiya ta zama hujja da waraka. Haka alama take a cikin labari: sai kin duba hannun wa take, da abin da aka yi da ita, kafin ki yanke hukunci.

Da wannan idon na koma wa Jiki Magayi. Abubakar yana son Zainabu, tana son sa. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda bai taɓa haihuwa ba, ya shigo da dukiya ya aure ta. Abubakar ya yi rantsuwa sai ya rama, ya bar gida ya shiga duniya neman mugun asiri, ya sha baƙar wahala kafin ya samu, ya kuma sauke shi a kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaro ya taso ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Shi kuma Abubakar bai ci ribar komai ba. A farkon littafin tausayinsa za ki ji, don an zalunce shi. Amma sannu a hankali za ki ga wanda aka zalunta ya zarce azzaluminsa, ya halaka yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai sihiri a littafin, ƙwarai kuwa. Sai dai ba wadda za ta rufe shi tana sha'awar zuwa wurin boka. Kuma iyayen da ke fasa alkawarin aure don sun hango mai kuɗi, su ma an ajiye musu nasu madubin a ciki.

Wataƙila ki ce, to ashe ma'aunin mai sauƙi ne: in nagari ya ci nasara, mugu ya tozarta, littafin ya yi kyau. Nan ne Shehu Umar ya hana ni sakat. An sace Umar yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatun Alƙur'ani har ya zama malami. Amma shi wannan mai kirkin ɗan kasuwa ne a zamanin da bayi suke cikin hajar fatake. To, nagari ne ko mugu? Ga kuma mahaifiyar Umar, wadda ta bar gida ita kaɗai neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta yi shekaru cikin bauta da wulaƙanci. Da ƙyar ta sake ganinsa, ba a jima ba ta rasu. Sunan ɗan ne a bangon littafin, amma wallahi duk uwar da ta karanta, uwar nan ce za ta tsaya mata a rai. Ba ta ga sakamakon haƙurinta a duniya ba. Littafin bai yi mana alkawarin cewa mai gaskiya zai ji daɗi kafin ya mutu ba, kuma addininmu ma bai yi wannan alkawarin ba, ya ce akwai ranar hisabi. Yaro yana bukatar ya san haka tun da wuri, don kada ranar da ya ga mutumin kirki cikin wahala imaninsa ya girgiza.

Saboda haka ma'aunin da na tsaya a kai shi ne: idan na rufe littafi, me ya bar mini a zuciya? Ya nuna mini mugunta da ainihin kamanninta da abin da take jawowa, ko kuwa ya yi mata kwalliya har na ji ina marmarinta? Ya sa na ji zafin wanda aka cuta, ko ya koya mini tafa wa macuci?

A nan dole in ba Hajiya gaskiyarta. Tsoronta yana da tushe. Akwai rubuce-rubucen da ake turawa yaranmu ta waya a yau waɗanda aikinsu kawai ƙawata alfasha, a jera ta shafi bayan shafi, sannan a liƙa tuba a layin ƙarshe don a ce akwai darasi. Wannan tubar ta layin ƙarshe ita ma rawanin Alhaji ce, kada ta ruɗe ki. Shi kansa Ruwan Bagaja ban wanke shi tas ba. Niyyar Alhaji mai kyau ce, ya fita ne don ya nemo ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya kuma share hawayen Liman, mijin mahaifiyarsa, wanda aka kunyata a fada don ya ce akwai wannan ruwa. Amma a hanya ya yi ƙarya, ya yi zamba, kuma ba duka ya ɗanɗana kuɗarsu ba. Kyan niyya ba ya halatta mugun hanya. Batun aljanu kuwa, mun yi imani akwai su, sura guda ce da sunansu, amma neman biyan bukata a wurinsu ba tafarkin Musulmi ba ne. Waɗannan abubuwa littafin ba zai faɗa wa 'yarki ba. Ke ce za ki faɗa mata, kuma ba za ki iya ba sai kin san abin da ke ciki.

Shi ya sa nake ganin murhu ba zai yi mana maganin komai ba. In kin ƙona na takarda, na waya fa, wanda take karantawa cikin bargo bayan kin yi barci? Abin da zai bi ta har ɗakin mijinta shi ne idon da kika koya mata. Ki zauna da ita ko da rabin awa ne bayan sallar isha'i, ta karanta miki babi ɗaya kina tsinken zogale ko ninkin kaya. In ta kai aya ki tambaye ta: wa aka cuta a nan? Me ya ja wannan mutumin ya aikata haka? Da ke ce, ya za ki yi? Wannan mai carbin, aikinsa ya yi daidai da carbinsa? Kada ki yi saurin ba ta amsa, ki bari ta yi ta lalube. In ta ce ita Alhaji ya burge ta, kada ki hau ta da faɗa, ki tambaye ta ko za ta so a yi wa babanta irin abin da ya yi wa Zurƙe.

Da mako ya zagayo na mayar wa Hajiya littafinta, na faɗa mata kusan abin da na faɗa miki yanzu. Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ni fa karatun bokon nawa sai a hankali." Na ce, "Hajiya, ai ita za ta karanta, ke kunne kawai za ki ba ta, hankalin kuwa kin fi ta." Bayan kwana biyu muka haɗu a bakin ƙofa, ta ce sun kai wurin zanen wata, kuma wai yarinyar ta ce mutanen garin ne suka fi ba ta haushi. Hajiya ta ce ita kuma sai ta tuna wani zobenta na gwal da ta taɓa kai wa wani mai duba shekarun baya, ta rasa bakin magana.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya shirya mana zuriyarmu.