Guga ko Dutse?

A ƙauyukan Ostiriya da Cek akwai mutum-mutumin Fuloriyan, sassaƙar ƙarni na 17 da 18: sojan Roma riƙe da guga, yana kashe wutar da ta kama gida. Manoma suka kafa shi domin ya tsare su daga gobara.

Shi kuwa bai tsare ransa ba. A shekara ta 304, lokacin tsananin Sarki Diyokiletiyan, ya ƙi yin hadaya ga allolin Roma. Aka ɗaura masa dutse a wuya, aka jefa shi cikin kogin Ens.

Ban cika ganin laifin manoman nan ba; wanda rumbunsa ya taɓa ƙonewa ya san tsoro. Amma mutumin da ya mutu saboda Yesu, daidai ne a tuna da gugansa, a manta da dutsen?