Daidai Ne Mu Nuna wa Ɗan Talaka Wata?



Akwai wata dabara da malaman sakandare suke yi domin su jawo hankalin ɗalibai zuwa ga kimiyya da fasaha. Maimakon su fara da lissafi a kan allo, sai su fara da labarin kumbo da 'yan sama jannati. Yaron da yake gyangyaɗi a aji yakan wartsake idan aka gaya masa cewa tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000, amma haskensa yana isowa gare mu cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Dabarar ba sabuwa ba ce. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta kafa doka a 1958 ta zuba kuɗi mai yawa wajen koyar da kimiyya da lissafi a makarantunta. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu, mu iyaye da malamai, shi ne: adalci ne mu ɗaga idon yaro zuwa wata alhali ya zo makaranta bai karya kumallo ba, makarantar kuma ba ta da ɗakin gwaje-gwaje?

Ba mu ne farkon masu wannan tambaya ba. A 1970 wata Sista mai aiki a Zambiya, Mary Jucunda, ta rubuta wa Ernst Stuhlinger, ɗaya daga cikin manyan masanan hukumar NASA, tana tambayarsa yadda za a kashe dukiya mai ɗimbin yawa a kan tafiya duniyar Mars alhali yara suna mutuwa da yunwa. Tambayar Sista tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Akwai kuma wata damuwa ta biyu. Mutum 12 kaɗai suka taɓa taka wata, daga 1969 zuwa 1972. Idan malami ya sa yaro ya ɗauka cewa shi ma can zai je, to ya yi masa romon baka, kuma ranar da yaron ya gane, zai tsani darasin tare da malamin.

Duk da haka muna ganin daidai ne a nuna masa, saboda dalilai biyu.

Na farko, sararin sama ba na masu kuɗi ba ne. Allah ya shimfiɗa shi bisa kan kowa, har ma ɗan ƙauyen da babu lantarki ya fi ɗan birni ganin taurari. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. Wace irin murna yaro zai yi in ya gano cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato duniyar Venus, wadda take zagaya rana a kusa fiye da tamu, shi ya sa ba a ganinta sai da magariba ko da asuba! Wanda ya ce ɗan talaka ba ya bukatar irin wannan sani, ya mai da shi ciki kawai. Mu kuwa mun gaskata cewa an halicce shi cikin kamannin Allah, da hankali mai neman dalili.

Na biyu, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Taurarin ɗan Adam su ne suke taimaka wa masu hasashen damina, hotunansu kuma suka nuna yadda Tafkin Chadi ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawun kumbonsa a Kano take. A 2003 aka harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha. Lissafin da yake riƙe tauraro a kan hanyarsa, shi ne injiniya yake bukata wajen gina gada ko haɗa famfo mai aiki da hasken rana. Yaron da wata ya jawo shi ajin kimiyya, mai yiwuwa ne ya ƙare yana haƙa wa garinsu rijiyar burtsatse. Wannan ita ce amsar da za mu iya ba Sista Jucunda, in har mun cika ta da aiki.

Amma akwai sharaɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mamaki ƙofa ce kawai, dole a bi ta a shiga cikin wahalar awo da lissafi. Wannan kuwa ba sai da kayan tsada ba. Da lemo da tocila malami zai nuna yadda husufi yake faruwa, kamar wanda ya duhunta Gusau da Katsina ran 29 ga Maris 2006. Ɗalibi yana iya zana siffar wata kowane dare, ya ƙirga da kansa cewa daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne.

Sharaɗi na biyu shi ne a faɗa wa yara labarin duka. Rokokin farko an ƙera su ne domin yaƙi. Ran 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, har da Christa McAuliffe, malamar sakandare wadda aka zaɓa domin ta koyar daga sararin samaniya. 'Yan makaranta da yawa suna kallo a talabijin. Wani zoben roba ne sanyi ya ƙandarar, kuma injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jiya, ba a saurare su ba. Ɗalibi ya kamata ya ji wannan, domin ya san cewa ilimi ba tare da lamiri ba yana kisa, kuma masanin kirki shi ne mai faɗin gaskiya ko da manya ba sa so.

Wasu iyaye suna tsoron kada kimiyya ta raba 'ya'yansu da bangaskiya. Mu tuna cewa Ikkilisiya ta yi kuskure a shari'ar Galileo a 1633, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya amince da haka a fili a 1992. Mu kuma tuna cewa Fada Georges Lemaître, firist ɗan Beljiyam, shi ne ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. Bai ajiye Misa ba domin lissafi, bai kuma ajiye lissafi ba domin Misa.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan ɗiyarku ta tambaye ku abin da ya hana wata faɗowa, kada ku ce mata ta yi shiru. Ku tura ta wurin malaminta, ku kuma tambayi hukumar makaranta yaushe rabon da yara su yi gwaji da hannunsu. Ubangiji da ya halicci taurari ya ba 'ya'yanmu hikima da tawali'u. Amin.