Zanen Fentin Mai a Hannun Musulmi: Abin da Ake Zanawa, Cinikinsa da Nuna Shi

Zanen fentin mai fasaha ce da ake kwaɓa garin launi da man da ke sandarewa idan ya sha iska, galibi man irin tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa, sannan a shafa da buroshi a kan ƙyalle mai kauri ko katako. Mafi daɗewar zanen da aka gano an yi da irin wannan haɗi yana cikin kogunan Bamiyan na Afganistan, tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Amma a Turai fasahar ta yi ƙarfi, a ƙarni na 15, a hannun masu zane irin su Jan van Eyck wanda ya rasu a 1441. Fentin mai ba ya bushewa da wuri. Kowane shafe yakan ɗauki kwanaki kafin a ɗora wani a kansa, man sheƙi na ƙarshe kuwa sai an jira wata shida zuwa shekara. Wannan jinkiri ne ya sa aikin yake tafiya mataki-mataki, shi ya sa kuma masu yin zane don sha'awa, waɗanda ke da wata sana'ar dabam, suke nuna hoton aikinsu a Facebook ko Instagram tun yana rabi, kafin su sa masa farashi. Musulmin da ya shiga wannan harka yana fuskantar tambayoyi uku: me ya halatta ya zana, yaya zai sayar, kuma da wace niyya yake nunawa.

Tambayar farko ita ce mafi tsufa. Alƙur'ani bai yi magana kai tsaye a kan zanen da ke kan shimfiɗa ba. Hanin ya zo ne a hadisai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa masu yin surori suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar ƙiyama, kuma za a umarce su da su rayar da abin da suka suranta. Sun ruwaito kuma cewa Annabi (SAW) ya ƙi labulen Nana A'isha mai surori, har ta yanka shi ta yi matasan kai da shi. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Abu Ɗalha da ya keɓe adon da ke jikin tufa, da izinin da aka ba Nana A'isha ta yi wasa da 'yar tsana. Akwai kuma ruwayar da ta fi kusa da halin mai zanen yau: wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake cin abinci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin Annabi, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya shawarce shi da ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Buhari ya kawo wannan ruwaya a littafin ciniki ne, a babin sayar da surorin abubuwan da ba su da rai.

Malamai sun ambaci dalilai biyu na hanin. Na ɗaya shi ne toshe ƙofar shirka. An ruwaito daga ɗan Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu da aka ambata a Suratu Nuh, wato Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa, da zamani ya yi nisa aka koma bauta musu. Na biyu shi ne kwaikwayon halittar Allah, domin suranta halittu siffarsa ce, kuma Almusawwiru yana cikin sunayensa a ƙarshen Suratul Hashri. Yawancin saɓanin malamai ya taso ne daga yadda kowa ya auna waɗannan dalilai biyu.

Babu saɓani mai ƙarfi kan halaccin zana daji, kogi, duwatsu, gine-gine, furanni da kayan marmari, kuma wannan fage ne mai faɗi a zanen fentin mai. Saɓanin yana kan mutum da dabba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa suranta mai rai haramun ne, ko yana da inuwa ko ba shi da ita, kuma a kan wannan mafi yawan Shafi'awa, Hanafawa da Hambalawa suke. Malikawa, waɗanda mazhabarsu ce ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, sun rarrabe. A bayanin Shehu Dardiri kan Muhtasar na Halilu, haramcin yana kan surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, irin mutum-mutumi, kuma gaɓoɓinta suka cika. Wadda take a shimfiɗe, a takarda ko bango ko ƙyalle, makaruhi ce idan an ɗaga ta, barin ta kuma ya fi ko da a wulaƙance take. Wannan ra'ayi yana da tushe tun zamanin tabi'ai, don Ibnu Hajar ya kawo cewa Alƙasim ɗan Muhammad, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya halatta surar da ba ta da inuwa. A zamanin baya-bayan nan Muhammad Abduh, muftin Masar da ya rasu a 1905, ya ga cewa zanen da ke adana tarihi da ilimi, wanda babu tsoron a bauta masa, bai shiga hanin ba. Shehu Ibnu Baz na Saudiyya kuwa ya tsaya kan haramci. Dukkansu sun haɗu a kan cewa zanen tsiraici da na abin bauta haramun ne.

Tarihi ya nuna an bi hanyoyin biyu, wato zana mai rai da kauce masa. Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na Biyu ya sa Gentile Bellini, mutumin Benis ta Italiya, ya zana fuskarsa da fentin mai a 1480, zanen kuma mallakar gidan adana zane na ƙasa da ke Landan ne. Aikin sarki ba hujja ba ne a shari'a, amma ya nuna cewa tambayar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Hausa gwaninta ta fi karkata ga abin da ba shi da rai: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, aikin aska takwas a wuyan riga, da zanen bangon gidaje a Zariya da Kano, inda magina suka saka dagi da takobi, daga baya har da keke da mota.

Tambaya ta biyu ta ciniki ce. Ƙa'idar ita ce abin da ya halatta a yi kuma a mallaka ya halatta a sayar, abin da ya haramta kuwa kuɗinsa ma haramun ne. Don haka hukuncin sayar da zane yana bin hukuncin abin da aka zana. Bayan wannan sai sharaɗin gaskiya. Darajar zanen asali tana cikin kasancewarsa guda ɗaya tilo da ya fito daga hannun mai shi. Wanda ya buga hoto da na'ura a kan ƙyalle, ya shafa ɗan fenti a sama, ya sayar da sunan aikin hannu, ya yi algus, daidai da mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, wanda Annabi ya tsawata wa a hadisin Muslim. Haka wanda ya kwafi aikin wani ya sa hannunsa a kai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a taronta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Ya zama wajibi kuma a bayyana aibi, kamar fentin da aka ɗora kafin na ƙasa ya sandare, wanda ke tsattsagewa bayan shekaru. Kasancewar mutum ɗan koyo ba aibi ba ne a ciniki; ɓoye hakan da da'awar shahara ko digirin da babu shi ne ha'inci.

Nuna aiki tun bai ƙare ba yakan sa wani ya nemi saye kafin kammalawa, ko ya ba da kafin alƙalami don a zana masa wani. Shari'a ta hana cinikin garari, wato sayar da abin da ba a san yadda zai kasance ba. Sai dai Hanafawa sun halatta yarjejeniyar sa mai sana'a ya ƙera abu, saboda buƙatar jama'a, majalisar fiƙihun da aka ambata kuma ta amince da ita a Jidda a 1992, bisa sharaɗin a fayyace siffar abin da wa'adinsa. Malikawa ma sun halatta sayen kwanon tagulla da maƙeri ya fara, a kan zai ƙarasa shi ba da jan lokaci ba. A zane wannan na nufin a yarda tun farko kan girman ƙyalle, abin da za a zana, farashi da ranar miƙawa, tare da lissafin makonnin sandarewar fenti.

Tambaya ta uku ba ta da alƙali sai zuciya. Riya a ma'anarta ta shari'a ta shafi ibada, don haka tallata hajja ko neman gyara daga gwanaye ba riya ba ne. Nuna matakan aiki yana da amfani a fili: yana tabbatar wa mai saye cewa hannu ne ya yi, yana koya wa na baya, yana kuma saba wa mai zane da karɓar suka. Haɗarin shi ne jiji da kai, da kuma yin zane don tafin 'yan kallo, har mutum ya riƙa gaggawar nuna mataki kafin ya kyautata shi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah yana son kyau, kuma hadisin ya zo ne a wurin rarrabe son kyau da girman kai. Mai zanen da ya zaɓi abin zanawarsa bisa ra'ayin malaman da ya gamsu da hujjarsu, ya faɗi gaskiya kan hajjarsa, ya cika wa'adi, ya kuma ɗauki gwanintarsa a matsayin baiwa daga Mahaliccinsa, ya sauke abin da shari'a ta ɗora masa a wannan fasaha.