Fito da Takardar Nan Daga Aljihu

Ɗana, na ga yadda ka fito daga ɗakin gwaji jiki a sanyaye, ka ninke 'yar takardar ka cusa ta can ƙasan aljihu kamar kayan sata. Fito da ita mu duba tare. Idan an auna jininka da safe kafin ka karya kumallo aka samu 126 ko sama da haka (wasu asibitocin 7.0 suke rubutawa, ma'auni ne ya bambanta), aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to ciwon sukari ne, kuma a wajen manya galibi nau'i na biyu ne. Kada kowa ya ce maka sammu ne. Jikinka yana yin insulin, amma ya daina jin maganarsa yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Daga nan ƙishirwar da ta dame ka ta fito, da yawan tashi fitsari cikin dare.

Ɓoyon ciwon nake ji maka tsoro fiye da ciwon kansa. Ina da aboki, tare muka yi karatun allo. Likita ya ɗora shi kan maganin sukari, metformin, ya sha wata biyu, ya ji garau, sai ya ajiye. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ya koma sayen jarkar jiƙo wajen masu lasifika a kasuwa, waɗanda ke rantsuwa za su fitar da ciwon daga saiwarsa. Bayan 'yan shekaru ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da uwargidan ta ga jini a kan tabarmar sallarsa. Sukari ya riga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Na je duba shi ranar da aka yanke masa yatsu biyu, kuma har yau idan na tuna idona yakan kawo ruwa, domin abin da za a iya tarewa ne.

Saboda haka ka gaya wa mai ɗakinka yau, ita ce ke riƙe da tukunya. Ba a ce ka bar tuwo ba. Malmala biyu ka saba, koma ɗaya, a cika kwanon da miyar ganye, zogale ko alayyahu ko rama, a ƙara wake. Lemon kwalba kam ka sallame shi, shayin mai shayi mai cokali huɗu shi ma haka. Zuma ma tana ɗaga sukari, duk albarkar da ke cikinta. Ka riƙa takawa minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Masallacin da ya ɗan yi nisa ya isa.

Maganinka kuwa, kada ka tsayar da shi don ka ji sauƙi, sauƙin aikinsa ne. Idan wata rana an ce sai allurar insulin, karɓa ba tare da jin an kai ka bango ba. Amma ka san alamar sukari ya faɗi ƙasa da 70: rawar jiki, gumi, jiri. Ajiye alawa ko dabino a aljihu. Kafin azumi ya kama, je ka zauna da likita ya gyara maka lokutan shan magani, in ya ce kada ka yi, addini ya ba mara lafiya rangwame.

Sau ɗaya a shekara a duba maka ido da ƙoda. Ƙafa kuwa kullum, kuma Allah ya sauƙaƙe maka wannan, tunda sau biyar kake alwala. Idan ka wanke, ka tsaya ka duba tafin da tsakanin yatsu, ka goge su bushe, ka zazzage takalmi kafin ka sa. Ko ɗan ƙurji ka gani, gobe da safe ka kai asibiti.