Guringuntsi Ba Ya Kuka

Duk wanda ya taɓa tsotsar ƙashin kaza ya san farin abin nan mai santsi da ke bakin gaɓa. Irinsa ne a gwiwar mutum. Kaurinsa 'yan milimita ne kawai, amma shi ke ɗauke da nauyin jiki a kowane taku da kowace sujada. Abin mamaki, Allah bai sa masa jijiyar jin zafi ba, bai sa masa ta jini ba. Abincinsa ruwan gaɓa ne, kuma sai an taka an ɗaga yake samun tsotsarsa.

To, in shi ba ya jin ciwo, wa ke kuka a gwiwar tsohuwar da ta koma salla a zaune? Maƙwabtansa ne. Idan ya fara zaizayewa, ɓurɓushinsa kan zuba cikin ruwan gaɓa. Sai tantanin da ya lulluɓe gaɓar ya harzuƙa ya kumbura, ya riƙa sakin sinadaran da ke tunzura jijiyoyi, har ɗan tsugunno ya zama azaba. Ƙashin da ke ƙarƙashi shi ma ya ɗauka. Shi ya sa hoton ƙashi kan nuna gwiwa ta ci sosai mai ita bai damu ba, wani kuwa tasa da sauƙi amma ba ya barci.

An sa rai a kan bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan ta sha rana, ganin yana ƙarfafa ƙashi kuma yana da hannu wajen lafa kumburi. A Ostireliya an gwada shi kan mutum 413 masu ƙarancinsa har shekara 2. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna bai hana zaizayewar ba, bai kuma rage ciwon yadda aka zata ba. Mai ƙarancinsa ya sha, amma rage ƙiba da motsa ƙafa sun fi taimakon gwiwa.

Gidaje da yawa kamar gwiwar nan suke. Akwai mai ɗaukar nauyin kowa, uwa ce ko babban wa, da ba a taɓa jin ƙorafinsa ba, sai a ɗauka ba ya gajiya. Ranar da ya fara ƙarewa, ba daga bakinsa za a ji ba. Yaro ne zai fara fitsara, kishiyoyi su fara cacar baki, sai a taru a kan mai hayaniyar ana lallashi ko ana faɗa. In an tuna da shi ma, sai a aika masa ɗan alheri da salla, alhali da za a riƙa leƙo shi a karɓi wani abu daga kayan da ke kansa, da rigimar yaron ta kwanta tun tuni.