Da Fuskar Wa Ake Talla?

Duk mai sana'a da abin hannunsa yake talla. Maɗinki ya rataye riga a ƙofar shago, mai tukwane ta jera tukwanenta a bakin kasuwa, kuma babu rigar da za ta ji kunya don an rataye ta. Mai ɗaukar hoto ya sha bamban da su, domin hajarsa fuskokin mutane ce. Duk lokacin da ya ce wa jama'a su zo su ga iyawarsa, amaryar wani yake nunawa, ko jaririn wata, ko dattijon da ya zauna gabansa da rawanin Sallah. Na shafe shekaru ina rataye da kyamara a gidajen biki a Kano, kuma tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce: yaya mutum zai yi tallar irin wannan sana'a ba tare da ya yi ƙarya ko ya ci amana ba?

Hausawa na cewa yabon kai jahilci, amma kasuwa ba ta ciyar da wanda ya yi shiru. A da, mai hoto yakan buga hatiminsa a bayan kati, ya lilliƙa samfuri a allon gilashi, sauran kuma baki ya isar. Yau allon ya koma Instagram da WhatsApp, inda dubban idanu ke wucewa, kowane mai hoto yana ɗaga murya don kada a manta da shi.

Nau'in ƙarya mafi sauƙin ganewa shi ne mutum ya kwaso aikin wani daga intanet, ya manna sunan shagonsa a kai. Wannan algus ne tsagwaronsa, ɗan'uwan na mai hatsin da ke zuba mai kyau a saman buhu. Malaman fiƙihu sun daɗe da wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin kayansa, don haka ba zan ɓata tawada a nan ba.

Batun izini ya fi wannan nauyi. A wajen kamu ko sa lalle, mata sukan saki jiki domin taron nasu ne. Mayafi ya zame, a yi rawa, a yi dariya baki buɗe. An bar mai hoto ya shiga ne bisa yarda cewa abin da ya gani zai ƙare a hannun masu biki. Idan washegari ya ɗora hotunan a shafinsa don ya jawo ciniki, ya sayar da abin da aka ba shi ajiya. Na san auren da ya fara da rigima saboda dangin ango sun ga amarya a wayar baƙi kafin ta tare. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka kowa ya san ma'anar sirrin gida. Wasu abokan sana'a na cewa ai hoton nasu ne, su suka ɗauka. Haka ne, haske da tsayuwa da zaɓen lokacin danna maɓalli nasu ne. Fuskar kuwa ta mai ita ce, kuma ita za ta ci gaba da yawo da ita a unguwa bayan an biya kuɗin aiki.

Inda na fi daɗewa ina juya tunani shi ne gyaran hoto. Ko akwai hoton da ba ya ƙawata gaskiya? Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan tanadi kwat da agogo da alƙalami da rediyo da babur, har da motarsa, domin masu zuwa su ɗauki hoto da su. Matashin da bai mallaki keke ba sai ya jingina da mota kamar tasa. A yau ana rataye waɗannan hotuna a manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka, kuma ban ji wanda ya kira Keïta maƙaryaci ba. Dalili, a ganina, shi ne wasan a fili yake. Mai hoto ya san aro ne, mai zama ya sani, maƙwabcin da ya ga rediyon nan a hotuna goma ya sani. Mutumin ya ari kaya ne don ya nuna burinsa, amma da fuskarsa ya zo, da ita ya koma. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka, in ji masu iya magana.

Abin da kwamfuta ke yi wa fata a shagunanmu wani abu ne dabam. A ɗauki yarinya baƙa mai sheƙi, a wanke ta tas har ta koma fara sol, a rage hanci, a goge tsagar gado, sannan a kafa hoton a matsayin samfuri. Wanda ya jera irin waɗannan hotuna ashirin a shafinsa bai furta kalma ko ɗaya ta ƙarya ba, amma ya faɗa wa duk baƙar yarinyar da ta duba cewa launinta kuskure ne da ake biya a gyara. Gani ya kori ji. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan mayukan bilicin masu lalata fata da ƙoda, kuma ina ganin allon tallarmu na cikin abubuwan da ke tura 'yan mata wurin masu sayar da su.

Akwai hujjar da ba zan raina ba. Mai hoto yana biyan haya, yana sayen man janareta, kyamara da fitilu kuwa farashinsu na bin dala. Idan ya nuna fata yadda Allah ya yi ta, maƙwabcinsa ya nuna ta kamar madara, amare da yawa can za su nufa. Mai cewa gaskiya kullum tana kawo riba bai taɓa zama a shago wata guda babu ciniki ba. Wani lokaci tana kawowa, domin uwar da ta gane 'yarta a hoto takan turo ƙawayenta. Wani lokaci asara ce zalla, kuma mutum ya ɗauke ta da saninsa.

Ga inda na tsaya. Idan amarya ta ce in haska ta, nakan fara nuna mata hoton da na daidaita haskensa bisa launinta na asali, domin sau da yawa abin da take gudu duhun rashin iya ɗauka ne. Idan ta dage, fuskarta ce, kundinta ne, nakan yi mata. Amma wannan hoto ba ya hawa shafina. Abin da nake kafawa shi ne wanda mai shi ta amince da bakinta, kuma wanda idan aka gamu da ita a layin asibiti za a gane ta. Wata abokiyar sana'a ta ce mini wannan raba ƙafa ne, tunda hannun da ya ƙi kafawa shi ne ya yi gyaran. Maganarta na da ƙamshin gaskiya, kuma har yanzu muna musu a kai duk lokacin da aiki ya haɗa mu a gidan biki.